Ƙafar da Ta Tsaya a Kan Hoda

Mai shara ce ta fara ganinsa. Ta iso zauren rawa da hantsi kamar yadda ta saba, tsintsiya a hammata, bokiti a hannu, tun daga bakin titi kuwa take jin kiɗa yana dukan ƙasa. Waƙar sallama ce, wadda Tsawa, mai saka kiɗan zauren, yake rufe kowane casu da ita, da ya sake ta kowa ya san lokacin neman ƙofa ya yi. Ta ce a ranta, yau yaron nan bai gaji ba ke nan. Ta tsaya a shagon telan da ke jikin zauren suna hira har waƙar ta kai ƙarshe, suka ɗan ƙara, sannan ta sa makulli ta buɗe ƙofar gaba.

Ba kowa a ciki. An kashe fitilu, an kashe na'urori, har an lulluɓe su da ƙyallensu. Tsawa yana kwance a gindin matakalar dandamali, fuska sama, jinin da ya fito daga ƙeyarsa ya riga ya bushe ya yi baƙi.

Kafin rana ta take unguwa ta rabu gida biyu. Wasu suka ce wanda jininsa ya bushe ba ya tashi ya saki waƙa, sai dai in ba da jikinsa ya tashi ba. Masu wannan magana a hankali suke yin ta, suna waiwaye. Sauran kuwa da ƙarfi suke tasu. Kowa ya ji Walƙiya, ɗaya DJ ɗin zauren, ya karɓi makirfo a tsakiyar casun jiya ya ce garin nan ya yi musu kaɗan su biyu, dole ɗaya ya kauce. Sufeto bai san yadda ake sa wa fatalwa ankwa ba, saboda haka ya sa wa Walƙiya.

* * *

Mai Sawu yana gyaran ƙofar akurkin kaji matarsa ta shigo ko sallama babu.

"Sun kama shi," in ji ta.

"Wa?"

"Kana da wani ɗan ne bayan shi?"

Shekara da shekaru ke nan in saniya ta ɓata, ko ɓarawo ya haura katanga, ko tsohuwa ta rikice ta bar gida, shi ake aiko wa. Zai duƙa ya dubi ƙasa, ya tashi ya kama hanya, jama'a su bi shi a baya kamar tumaki. Ba shi da mota, ba shi da bene, tinƙahonsa ɗaya ne a duniya, cewa bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba. Ya koya wa ɗansa aikin tun yana ƙarami, yaron kuwa yana da ido, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya girma ya zaɓi wata sana'a da uban bai taɓa gane kanta ba, kiɗan da ba ganga ba makaɗi, mutum ya tsaya yana murɗa maɓallai yana kaɗa kai. Ranar da Mai Sawu ya ga hoton ɗansa a fastar tallan casu an rubuta Walƙiya a ƙasa, ya ce masa shi bai haifi wuta ba, in sunan da ya raɗa masa ya yi masa nauyi to gidan ma ya yi masa nauyi. Yaron ya ɗauki jakarsa. Tun daga ranar ba su sake sa hannu a kwano ɗaya ba.

Ya ajiye guduma ya jawo takalminsa. Matar ta tare ƙofa.

"In ka je ka tarar sawunsa ne, me za ka ce musu?"

"Abin da na gani."

"To da ka zauna ka ci gaba da kajinka."

Ya raɓa ta ya wuce. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya bi sawun 'yan fashi shi kaɗai.

* * *

Sufeto bai yi murnar ganinsa ba. "Baba, wannan karon ban aiko ba. Kai ma ka san dalili."

"Na sani. Bar ni in duba, in yaso ka zubar da abin da na faɗa."

Ya fara da ƙofar baya, inda wani famfo mai yoyo ya jiƙa ƙasa. Bai ma gama duƙawa ba ya gane shi. Ƙafar hagu tana ɗan karkata waje, tafiyar da yaron ya gado daga uwarsa. Sawun ya shiga bayan an watse, don yana kan na 'yan casu, sannan ya sake fita.

"Na wa ne?" in ji Sufeto, yana kallon fuskarsa ba ƙasar ba.

"Na ɗana ne."

Sufeto ya sunkuyar da kai, kamar ya so a ce tsohon ya yi masa ƙarya.

"Amma tafiya ya yi da zai fita, ba gudu ba. Har ya tsaya a nan ya ɗaure igiyar takalmi."

"Baba, na ga masu kisan da suka tsaya suka sha shayi."

A ciki an riga an ɗauke gawar. Zauren da rana ba shi da kyan gani, bango duk tabo, kujeru a kife, warin zufa da turare mai araha. Manyan lasifiku suna tsaye a kusurwa baƙi ƙirin, kamar masu zaman makoki. A kujera ɗaya tak da ke miƙe wani ƙaton dattijo yana zaune, takalminsa na fata yana sheƙi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Uban Casu ke nan, mai zauren, mai shirya kowane wasa, wanda ya tsinci Tsawa da Walƙiya suna ɗaukar wayoyin kayan kiɗa a bayan wasu ya mai da su mutane. A zamaninsa shi ma DJ ne, an ce in ya hau dandamali gurgu ma sai ya nemi sanda.

Ya miƙe ya kama hannun Mai Sawu da hannu biyu. "'Ya'yana biyu, Malam. Ɗaya a makara, ɗaya a kulle."

"Allah ya jiƙan wanda ya tafi."

Uban Casu ya zuba wa bakinsa ido har ya gama, sannan ya ce amin. Mai Sawu bai ji daɗin kalmar nan ta 'ya'yana ba, amma ya haɗiye.

Ya hau matakalar a hankali, yana bin gefe. Dandamalin katako ne, a bayan teburin na'urori kuwa an barbaɗa hoda fari fat. Sufeto ya ce al'adar Tsawa ce, yana son ƙafarsa ta riƙa zamewa in yana rawa a bayan kayansa. Sawun takalmin mamacin ya cika wurin, ya yi nan ya yi can, a bakin matakala akwai doguwar zamewa inda ƙafa ta kuɓuce. Takalma iri-iri sun tattake gefen, na 'yan sanda da na masu ɗaukar gawa.

A tsakiya kuwa, daidai gaban na'urar, a kan dukkan sauran, akwai sawun ƙafa biyu ba takalmi.

Mai Sawu ya durƙusa. Ya nemi inda suka fito, bai samu ba. Ya nemi inda suka nufa, babu. Kamar daga sama aka sauke mai su, ya tsaya, aka sake ɗauke shi. Tsigar jikinsa ta tashi. Wani kurtu da ke bayansu ya leƙo ya gani, ya ja da baya yana salati.

"Da takalminsa aka same shi?"

"Da takalminsa," in ji Sufeto, muryarsa ta ɗan sauya.

Ya ƙara matsawa. Ƙafa ce mai faɗi, ta mutum mai nauyi wanda ya manyanta. Yatsun a baje suke, sun kama katako kamar na mai tsayawa a kwalekwale. Diddigen hagu ya daki wuri ɗaya har ya share hodar ya bar katako tsirara. Tsakanin ƙafafun akwai 'yan ɗigo-ɗigo, kamar farkon yayyafi.

"Wannan ba ƙafar ɗana ba ce."

"Yaushe rabonka da ganin ƙafar ɗanka?" Sufeto ya tambaya. Ba da mugunta ya yi ba, amma ta shiga.

* * *

Ya fara zargin mai shara, don ya lura ba ta sa takalmi in tana aiki. Kallo ɗaya ya yi wa ƙafarta ya sake ta, 'yar mitsitsiya ce, ga faso. Ita kuwa ta riga ta yanke hukunci.

"Tsawa ne, Baba. Yaron nan bai taɓa barin wurin nan bai saki waƙar sallama ba. Sun ce a sana'arsu ba a tashi a bar casu a buɗe. Ka ga kuwa mutuwa ta zo masa bai rufe ba."

Tela ya fi ta natsuwa. "Ni abin da ya dame ni ba wannan ba ne. Na shekara ina jin waƙar nan ta bango, na san ta kamar sunana. Akwai wata mace da ke rera ta, akwai sarewa. Yau ban ji mace ba, ban ji sarewa ba. Sai dum, dum, dum kawai. Alluraina suka riƙa tsalle a gwangwani, madubin gwaji ya kusa faɗowa. Tsawa ba ya kiɗa haka, yaron yana da kunne."

"Ka ga mai fita?"

"Ta baya ake fita, ni kuma gaba nake kallo."

* * *

'Yan sanda suka ba shi ɗan lokaci da ɗansa. Yaron ya rame, ya tara gashi, yana zaune a ƙasa ya jingina da bango. Bai tashi ba, bai gaishe shi ba. An karɓe masa takalmi, Mai Sawu kuwa ya kasa hana idonsa sauka. Siririyar ƙafa, doguwa, da tabon nan na kwalba a gefen babban yatsa, wanda shi da kansa ya ɗaure da tsumma. Wani abu ya kwance a ƙirjinsa.

"Ka shiga ta baya bayan an watse."

"Ka gani ai. Me za ka tambaya?"

"Me ya kai ka wurin mutumin da ka ce sai ɗayanku ya kauce?"

Walƙiya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan ai aikin Baba ne."

Mai Sawu ya buɗe baki zai ce shi yaushe, sai ya gane ba shi ake nufi ba, Uban Casu ne.

"Shi ya ba mu sunayen, shi yake rubuta mana abin da za mu faɗa. In mutane suka ɗauka gaba muke yi sai zaure ya cika, rabi nawa rabi nasa. Tsawa ɗan'uwana ne. Ɗaki ɗaya muka kwana shekaru, bargo ɗaya." Ya kau da kai. "An kira mu wani babban wuri a wani gari, mu biyu tare. Na shiga in tambaye shi ko ya gaya wa Baba. Ya ce yau zai gaya masa. Na bar shi yana naɗe waya yana waƙa."

"Wa ka bari tare da shi?"

"Ba kowa."

Ya yi saurin faɗa. Tun yana yaro in zai yi ƙarya sauri yake yi.

"Akwai sawu a bayan na'ura. Ƙafa ba takalmi, yatsu a baje, diddigen hagu yana duka."

Yaron ya ɗago, karo na farko ya dubi uban ido cikin ido. Abin da Mai Sawu ya gani a ciki ba mamaki ba ne, roƙo ne.

"Ka koma gida," in ji Walƙiya. "Don Allah. Ba su da hujja, za su sake ni."

"Ba za su sake ka ba. Sawunka yana ƙofar baya, ni na gaya musu."

"Ai na san za ka gaya musu."

* * *

A bayan kasuwa akwai wani tsoho mai gyaran lasifika, shagonsa cike da matattun akwatuna har rufi. Duk mai kiɗa a garin ya taɓa kawo masa mara lafiya. Mai Sawu ya zauna a kan wata fasasshiyar lasifika ya ba shi labarin ƙafar, da allurar tela, da macen da ba a ji ba.

Mai gyara ya ajiye ƙarfen dalmarsa.

"Ka san abin da ke cinye mu a sana'ar nan? Ba giya ba ce, ba mata ba. Kunne ne. Shekaru kana tsaye jikin waɗannan dodanni, siraran sauti su ne ke fara tafiya. Muryar mace, sarewa, kukan tsuntsu. Sai ya rage maka bes kaɗai, muryar nan mai kauri da ke dukan ƙirji. Ita ma in ta fara nisa, sai ka ƙure ta, ka tuɓe takalmi ka tsaya a kan katako, ta hau maka ta ƙafa. Na ga tsofaffi biyu sun yi haka. In ka ga DJ ba takalmi a bayan na'ura, kada ka tambaye shi, ka yi masa addu'a."

"A garin nan wa ya kai haka?"

"Ba wanda zai yarda. DJ kurma ai makaho ne mai sayar da madubi." Ya ɗauki ƙarfensa ya sake ajiyewa. "Amma akwai wanda yake aiko mini da lasifikun bes a yage, wata bayan wata, yana cewa yaransa ne ba su da hankali. Ni kuwa na san hannun yaran nan. Ba sa yaga kaya."

Mai Sawu ya tuna idanun nan jajaye da suka tsaya a kan bakinsa har ya gama magana.

* * *

Da ya koma zauren ya tarar dandamali yana ɗigar ruwa. Uban Casu ya sa mai shara ta wanke shi tas, wai ba zai iya kallon wurin ba.

"Ka gani ko, Baba?" in ji Sufeto. "Yanzu ba abin da ya rage sai bakinka, bakinka kuma na uba ne. Gobe zan miƙa yaron."

"Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

"Ban taɓa ganin ɗanka a kulle ba."

"To kada ka yarda da ni. Tara mini kowa a nan da safe, ka kawo yaron, ka aiko a ɗauko mai gyaran lasifika. Ka yarda da idonka."

A hanyar gida ya tsaya a kanti ya sayi gwangwanin hoda. Mai kantin ya ce, Baba, amarya za a yi? Mai Sawu ya biya ya fita.

* * *

Da safe suka taru, mai shara da tela a benci ɗaya, Walƙiya da ankwa tsakanin kurata biyu, Uban Casu cikin farin kaya da takalminsa mai sheƙi. Mai Sawu ya riga kowa zuwa ya barbaɗe dandamalin. Mai gyara yana tsaye a gefen na'ura, ya riga ya kunna ta.

Walƙiya ya ga hodar, ya ga mai gyara, ya gane. "Kada ka yi haka," ya ce wa uban a hankali. "Shi ya ba ni wurin kwana ranar da ka kore ni."

"Na sani. Jiya kuma ya bar ka ka kwana a siminti."

Mai Sawu ya ja Uban Casu gefe, ya tsayar da shi yana fuskantar ƙofa, bayansa ga dandamali da jama'a, ya tambaye shi yadda ya fara haɗuwa da Tsawa. Dattijon ya kama labari, da ma bakinsa ne jarinsa. Yana cikin ba da shi Mai Sawu ya ɗaga hannu kamar zai sosa kai.

Waƙar sallama ta tashi. Mai gyara ya cire mata bes gaba ɗaya, sai sarewa da muryar macen, siririya, tana yawo a zauren da ba kowa kamar mai neman wani. Mai shara ta dafe ƙirji ta saki salati. Tela ya miƙe tsaye. Kurtun nan na jiya ya kalli ƙofa. Sufeto kansa sai da ya waiwaya.

Uban Casu kuwa yana ta magana. "Yaro ne ɗan firit, ya naɗo waya a kafaɗa ta fi shi nauyi, na ce kai, wa ya koya maka naɗi haka..."

Sai ya lura Mai Sawu ba shi yake kallo ba. Ya juya. Ya ga fuskoki duk sun koma wuri ɗaya, ya ga fitilun na'ura suna motsi, ya ga Walƙiya yana kuka ba sauti. Maganar ta mutu a bakinsa.

Mai gyara ya murɗa maɓalli ya maido da bes. Bango ya amsa, ƙura ta zubo daga rufi. Kowa ya ga diddigen hagun Uban Casu ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka, shi kansa bai san yana yi ba.

Mai Sawu ya zagayo gabansa don ya ga bakinsa. "A siminti ba za ta same ka sosai ba. Hau katako."

Ba wanda ya taɓa shi. Ya hau matakalar da kansa, yana dafa ƙarfe. A bakin hodar ya tsaya, ya sa ƙafa ya zare takalmi ɗaya, ya zare ɗayan, ya taka dogon taki ya tsaya gaban na'ura. Yatsunsa suka baje suka kama katako. Ya rufe ido. Hawaye suka gangaro ta gemunsa suna ɗiga tsakanin ƙafafunsa.

Sufeto ya hau ya duba ƙasa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa hannu zai kashe na'urar.

"Bari ta ƙare," in ji Uban Casu, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ba a yanke ta."

Aka bari ta ƙare.

"Tsawa ya ce za su tafi," ya fara, idonsa a rufe. "Na ce me na rage ku da shi? Ya ce, Baba, ba ka rage mu da komai ba, amma kai kake saita sauti, sautin kuma ya lalace, mutane sun fara magana. Ya ce ba ka ji, Baba, mun daɗe da sani, muna rufa maka ne. Sai ya juya mini baya yana naɗe wayarsa, ina ganin ƙeyarsa tana motsi, yana ta magana. Ya san ba na samun abin da aka faɗa a bayana. Na finciko kafaɗarsa don in ga bakinsa. Bakinsa kawai nake so in gani." Ya buɗe ido ya dubi farin da ke ƙasa. "Sau nawa na ce masa ya daina zuba hodar nan."

Ba wanda ya yi motsi.

"Na zauna kusa da shi har rana ta fito sosai. Sai na tuna bai rufe casun ba, a daren Walƙiya ne ya yi ƙarshe. Shekaru rabona da sakin waƙa da hannuna. Na ce bari in sallame shi." Ya juyo ga Mai Sawu. "Har yanzu ban san me yake faɗa ba da ya juya. Ko zagina yake, ko haƙuri yake ba ni. Kai da kake karanta ƙasa, ba ta gaya maka ba?"

"Ƙasa ba ta riƙe magana," in ji Mai Sawu.

Aka cire ankwa daga hannun Walƙiya aka mai da ita inda ta dace. Yaron bai ko murza hannunsa ba. Ya hau dandamali, ya ɗauko takalman nan masu sheƙi, ya durƙusa a cikin hodar ya sa wa dattijon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure masa igiya. Ya ɗaga kai yadda za a ga bakinsa, ya ce, "Haƙuri yake ba ka, Baba. Na san shi."

Mai Sawu yana tsaye yana kallo. Ya ceci ɗansa, kuma a ransa bai taɓa jin ya yi nisa da shi kamar yanzu ba.

* * *

Da aka fita da Uban Casu, Walƙiya ya sauko ya bi ta gaban uban. Ya ɗan rage tafiya, kamar zai yi magana, sai ya wuce ta ƙofar gaba.

Sufeto ya zo yana ba da haƙuri, yana cewa ƙasa ba ta taɓa kunyata Baba ba. Mai Sawu ya amsa da ka. Ya jira har zauren ya koma shiru, sannan ya fito.

Sawun yana nan a kan kwalta, fari, ƙafar hagu tana karkata waje. Ya bi shi, da ma ba abin da ya iya sai wannan. Ya wuce shagon tela, ya wuce kanti, hodar tana raguwa da kowane taki. A mararrabar da hanya ta rabu, hagu zuwa tashar mota, dama zuwa layin da uwar yaron take zaune a bakin ƙofa tun jiya, farin ya ƙare.

Ga wani ya ƙare, ba ga Mai Sawu ba. Akwai ƙura a gefen titi, akwai tsakuwar da aka taka ta juya, da ya duƙa sau ɗaya da ya sani. Ya tsaya a wurin hannayensa a baya, motoci suna wucewa. Bai duƙa ba. Ya juya dama ya kama hanyar gida, yana tafiya a hankali, idonsa a sama.